Kalilu Mai Zare da Motar Gugaram

Duk direban da ya taɓa yin kwana biyu a Arlit ya san rumfar Kalilu Mai Zare. Tana bayan tasha, kusa da masu sayar da tayoyi, rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu da daɓen siminti a gabanta. Daɓen nan shi ne dukiyarsa ta gaske. Da hannunsa ya zuba shi, ya auna shi da ruwa a cikin tiyo har sau uku don ya tabbata babu gefen da ya fi wani tudu. In ka zo da mota kada ka sa rai kai zai fara gaisarwa. Zai durƙusa gaban ƙafar gaba, ya shafa tayar da tafin hannu daga waje zuwa ciki, ya sake shafowa daga ciki zuwa waje, sannan ya ɗago ya yi maka sannu da zuwa, ya gaya maka ciwon motarka tun kafin ka buɗe baki. Direbobi na cewa tsohon nan da aljani yake aiki. Wane aljani? Shekara talatin da ɗoriya ce ta shafar taya.

Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye a gefen Keita. Ya zo Arlit yana ɗan shekara goma sha tara, a saman kamyon albasa, babbar motar kaya, shekarar da damina ta ƙi har mutane suka cinye irin shuka. Ya yi dako, ya yi tallan ruwa, ya kwaɓa laka wa magina. Daga baya wani ɗan garinsu ya cusa shi garejin kamfanin ma'adinai na Akokan a matsayin mai shara, kuma a nan ya faɗa hannun Akoli, wani Ba'abzine dogo mai kula da sashen tayoyi, mutumin da in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu.

Kalilu bai manta darasin farko ba. Wata rana da hantsi Akoli ya fitar da shi bayan gareji, ya ce ya cire takalmi ya yi tafiya a kan rairayi. Ya yi taku ashirin, aka ce ya juyo ya dubi sawunsa. Ya duba, sai ya ga yatsun ƙafarsa duk waje suke kallo, kamar na agwagwa. Akoli ya ɗauki takalmin ya nuna masa gefen da ya cinye, ya ce mota ma haka take: in ƙafafunta na gaba ba su kalli wuri guda ba, tafiya take tana jan su a ƙasa, ƙasa kuma na cin su. Abin da masu Faransanci ke kira paralelisim ke nan, mu mu ce saitin ƙafa. Ƙafafun gaba su ɗan kalli juna kaɗan, da abin da bai wuce milimita biyu ba, kaurin ƙwayar gero. In an wuce haka ko an kasa, sabuwar taya ba za ta ga ƙarshen wata biyu ba.

Da zare Akoli ya koya masa. A kafa ƙarfe a gaban mota, a kafa wani a baya, a ja zare a kowane gefe daidai tsakiyar ƙafa, sannan a ɗauki mita a auna daga zaren zuwa bakin janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, gaba da baya. Bambancin ƙananan layukan nan na jikin mita shi ne duk ilimin. Daga baya kamfani ya kawo inji mai allo da fitilu, Kalilu ya koye shi har ya fi waɗanda suka yi lakwal, wato boko, iya shi, amma ko da ya gama da inji sai ya ja zarensa ya sake dubawa. Sunan Mai Zare daga nan ya samo asali, da tsokana aka fara shi.

Ya auri Hansai, ƴar Damagaram mai dariya da ƙarfi, suka haifi biyar, uku suka rayu. Ya binne Akoli. Ya zama shi ne shef na sashen. Sai shekarar da aka rufe ramin Akokan ta zo, ma'adinin ya ƙare, mutane suka yi ta ɗaure kaya suna komawa kudu, har da ƙofofi da tagogi a saman kamyo. Babban ɗansa Abdulrazak, wanda ke koyarwa a Tawa, ya gina masa ɗaki a gidansa, ya shafe shi da farar ƙasa, ya yi ta kiran waya. Kalilu ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, amma shi ya koma ya yi mi? Ya zauna bakin ƙofa yana korar awakin maƙwabta? Da abin da kamfani ya sallame shi da shi ya sayi siminti da kwano da kirik guda biyu na ɗaga mota, ya buɗe rumfa. Bai ɗauki kowa ba, don samarin garin duk sun tafi haƙar zinariya. Mai mota shi ke kama masa aiki.

Kuma wallahi aiki a wurinsa sai mai haƙuri. Ba ya saita motar da ba ta da kaya. Ya ce pikof ɗin Arlit, motocin nan masu buɗaɗɗen baya, babu wadda ke tafiya wofi. In ka saita ta tana miƙe da wuya, ranar da aka ɗora mata buhu ashirin ta zauna, ƙafafun sun canza kallo, aikinka ya tashi a banza. Don haka ka zo da ita yadda take tafiya. In ba ka da kaya, sai ya leƙa tasha ya kira masu zaman benci su zo su hau baya. Sai ka ga dattawa takwas da rawunansu a bayan motar da ba za ta ko'ina ba, suna hira, shi kuma yana ƙasa yana yi musu tsawa kada wanda ya motsa. Kafin nan ma sai an gwada iskar kowace taya, domin direbobin daji suna rage iska in za su shiga rairayi su manta ba su mayar ba.

Daidaita nauyin taya kuwa, maganin rawar da bolan, wato sitiyari, ke yi a hannun direba in mota ta ɗauki gudu, wannan shi ne aikin da ya fi so. Yana da tsohon kan ƙafar mota da ya ɗaure a jikin ginshiƙi, ya wanke shi tas ya ɗiga masa mai har iska ma tana iya juya shi. Sai ya kankare busasshiyar lakar da ta maƙale a cikin janti, don sau da yawa ita ce duk ciwon, ya ɗora tayar ya sake ta. Gefen da ya fi nauyi da kansa zai gangaro ƙasa. Ya sa alli a sama, ya manna ɗan guntun darma, ya sake juyawa, har sai tayar ta tsaya duk inda aka bar ta. Yana yi yana ɗan waƙe-waƙensa na Adarawa a maƙogwaro.

To, ga abin da direbobi ba su sani ba. Shekara biyu ke nan idon Kalilu ke tafiya. Da farko kamar tururin shayi ne a jikin gilashi, in ya murza sai ya ɗan washe. Daga baya murzar ta daina amfani. Ya sayi madubin ido a kasuwa har kala uku, babu wanda ya yi masa komai sai ciwon kai. Shafar taya ba ta son ido, darma ma hannu ke jin ta. Amma ƙananan layukan mita, waɗannan sai da ido, kuma su ne suka fara narkewa suna haɗewa da juna. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya danne wurin da farcen babban yatsa, ya miƙe kamar mai gyara baya, ya fita rana ya kai mitar dab da hanci ya karanta. Dabarar ta yi masa shekara guda.

Hansai ta gane tun da wuri. Matar da ta yi shekara talatin tana zuba maka ruwan alwala ba za ka ɓoye mata kana zuba shayi a gefen kofi ba. Ta ce, Malam, ka je likita. Ya ce a Arlit in ka shiga ɗakin masu duba ido da safe, kafin azahar tasha ta ji, kuma wa zai ba makaho motarsa ya saita? Ta ce ai ba makaho ba ne. Ya ce bakin mutane ba ya tsayawa a tsakiya. Tsoro yake ji, gaskiyar magana ke nan. Ba yunwa yake tsoro ba, ƴaƴansa ba za su bar shi ba. Ɗakin nan mai farar ƙasa na Tawa yake tsoro, da ranar da zai tashi da safe babu wanda ke jiransa.

Cikin masu kawo masa mota akwai Alkasum, Ba'abzinen Gugaram, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, siriri, mai sanyin murya. Farar pikof gare shi, tsohuwa amma a tsare. Sau biyu a mako yake shigowa Arlit da awaki da cuku da tumatirin lambu, ya koma da gari da sukari da shayi. In mace ta kasa haihuwa a wani zango, shi ake nema. In tsoho ya faɗi, shi ake nema. Wani lokaci har Agadas yake kai mara lafiya a kan tsohuwar kwaltar nan da ta zama rami da tsakuwa. A duk kwarin nasu motar da ake iya dogara da ita ke nan, kuma shekara goma sha biyu babu wanda ya taɓa ƙafarta sai Kalilu, tun yana yi masa a gida ranar hutu.

A watan takwas Alkasum ya sayar da raƙuma, ba raƙumi ba, raƙuma mai nono, ya sayi sababbin tayoyin gaba biyu a wurin Halidu, wani Bamaraɗe mai shago kusa da rumfar. Ya zo da motar da buhunanta a baya yadda aka saba. Kalilu ya daidaita nauyin tayoyin tsaf, aka ɗaura su, aka ja zare. Ranar an tashi da hadari, gari ya yi duhu-duhu tun hantsi. Ya auna, ya danne da farce, ya fita waje ya kai mitar hanci. Babu rana. Ya ga ƙarfe mai ruwan ɗorawa da wani baƙi-baƙi a jiki, shi ke nan. Ya karkata ta nan, ya karkata ta can. Alkasum na tsaye taku biyu daga gare shi, kuma zuciyar Kalilu ta ce masa, ka ce ya duba maka mana. Amma direbobi uku na zaune a benci suna jiran shayi ya nuna, idonsu a kansa. Sai ya gyaɗa kai kamar wanda ya gani, ya shiga ƙarƙashin mota ya juya sandar saitin yadda ransa ya ba shi, gefe da gefe daidai, ya ɗaure noti.

Suka fita gwaji har wajen gari. Motar ta tafi sak, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba, bolan ko rawa. Kalilu ya ji sanyi a ransa, ya ce Allah ya rufa asiri. Amma ya san abin da ya sani: in kuskuren ya zo daidai a gefe biyu, mota ba ta nunawa a hannu. A ɓoye take cin tayarta.

Mako biyar bayan nan, da azahar, farar motar ta shigo a hankali ta tsaya a kan daɓen. Alkasum ya sauko, suka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu, lafiyar gida, lafiyar bisashe, labarin ruwa. Sannan ya je baya ya sauko da taya ya mirgino ta har gaban Kalilu. Ya ce ta fashe masa shekaranjiya a bakin wata ƙorama, yana ɗauke da wata tsohuwa mai ciwon ƙirji. Tayar ajiyarsa kuma ta sace iska, suka wuni a ƙarƙashin ƙaya har wani mai babur ya zo ya taimaka. Tsohuwar ta iso likita da ranta, alhamdu lillahi, tana can kwance. Ba ƙorafi ya zo yi ba. Hausarsa irin ta mutanen Abzin ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce tayan nan ba shi da kirki, Halidu ya cuce shi, ya ba shi tsohon kaya da aka yi wa fenti, kuma yanzu zai je ya jefa masa shi a gaban mutane. So yake Kalilu ya duba, ya zo ya tsaya masa shaida.

Kalilu ya durƙusa ya ɗora tafin hannu. Gefen waje zanen na nan da kaurinsa, sabo ful. Da hannun ya gangara ciki sai ya ji santsi, sannan ya ji wayoyi sun soke shi. Ya shafo baya, bakin zanen ya kama masa fata kamar haƙoran zarto. Ya rarrafa ya taɓa ɗaya tayar da ke jikin motar, ita ma haka, saura kaɗan. Bai buƙaci ido ba. Tayar lafiyayya ce, Halidu bai cuci kowa ba. Ƙafafun ne aka bari a buɗe suna kallon waje, kuma ya san hannun da ya bar su.

Ya daɗe a durƙushe. Ƙofofin fita suna da yawa, duk ya gan su. Zai iya cewa hanya ce ta bugi sandar saitin ta lanƙwasa, wa zai musa a ƙasar da kowa ke zagin hanya? Zai iya cewa kaya ne suka yi yawa. Zai iya yin shiru kawai ya bar Alkasum ya tafi shagon Halidu, mutumin da kullum ke aiko masa da ruwan sanyi. Ya sa hannu ya girgiza sandar, yana fatan ya ji ta yi sako-sako. Tana nan daram yadda ya ɗaure ta.

Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Alkasum, kada ka je wurin Halidu. Tayarshi ba ta da laifi. Ni na ɓata maka."

Alkasum ya dube shi bai gane ba.

"Ban gani. Layukan mitar ga, ban ganinsu. Ranar da ka zo ban ga komi ba, na yi da ka. Raƙumarka ni na ci ta, kuma da tsohuwar ga ta mutu a bakin ƙorama, da ni ne."

Alkasum ya ja rawaninsa ya rufe baki har hanci, yadda suke yi in magana ta yi nauyi. Ya dubi tayar, ya dubi ƙasa. Mai shayi na can yana fifita gawayi, wata kamyo ta wuce tana nishi. Ran Alkasum ya ɓaci, wannan ba a ɓoye yake ba, jijiyar goshinsa ta tashi. Da ya yi magana kuwa murya ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Ina tsaye kusa da kai, Baba Kalilu. Da ka ce in duba, da na duba."

"Kunya na ji."

"Kunyan wa? Nawa?"

Wannan tambayar ta fi wa Kalilu zagi ciwo, kuma ya ji idon da ba ya gani ya kawo ruwa.

Yadda suka ƙare da maganar tayoyi tsakaninsu ne su biyu, ba su gaya wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da aka gani shi ne, kafin rana ta yi sanyi an ɗaura wasu tayoyi masu sauran rai a gaban motar. Bayanta kuwa wofi ne, an sauke kaya a kasuwa. Kalilu ya tsaya yana kallon wajen tasha. Ya san in ya kira masu zaman benci, abin da za a yi a gabansu za a yi shi, kuma bakinsu ya fi rediyo nisa. Ya ɗaga murya ya kira su.

Suka zo su bakwai suka hau suna raha. Aka ja zare. Kalilu ya ɗora bakin mita a jikin janti, ya riƙe ta daidai, sannan ya ce wa Alkasum ya durƙusa ya gaya masa inda zaren ya faɗa, layi nawa bayan babbar lamba. Hirar bayan mota ta tsaya cak. Alkasum ya durƙusa da rawaninsa da komai, ya sa tsinke yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki a bakin rijiya. Aka yi gaba, aka yi baya, aka zagaya ɗaya gefen. Kalilu ya haɗa a kansa. Ƙafafun sun buɗe waje da layi tara, inda ya kamata su kalli juna da layi biyu. Ya faɗi lambar da ƙarfi don kowa ya ji. Sannan ya kwanta a ƙarƙashi, ya kwance noti, yana juya sanda rabi-rabi, Alkasum na ƙirgawa yana faɗa masa, har sau biyar, sai da layukan suka zauna inda ake so. Ya sa aka tura motar baya aka dawo da ita, aka sake aunawa. Lambar ba ta motsa ba.

Alkasum ya kakkaɓe gwiwarsa. Bai yi dariya ba, bai kuma ce komai ya wuce ba. Ya ce kawai ranar Talata zai shigo, a sake dubawa. Ya tayar da mota ya tafi.

Da a nan Kalilu ya tsaya, da wasu sun ce ya isa. Amma tun yana ƙarƙashin motar yake lissafin wani abu: ba motar Alkasum kaɗai ya saita ba tun da damina ta faɗi. Tara ne. Ya san su duka, ya san masu su, ya san wadda ke zuwa Asamaka da fasinja a kan kaya da wadda ke ɗaukar ma'aikatan gawayi zuwa Anu Araren. Wataƙila wasu sun zo daidai, ranar da aka yi rana. Wataƙila ba su zo ba. Ba shi da hanyar sani.

Ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya taka zuwa inuwar da direbobi ke taruwa bayan sallar la'asar. Labari ya riga shi isa, ya ji haka daga yadda aka amsa sallamarsa. Bai zauna ba. Ya ce idonsa ya raunana, ya ɓoye, kuma ɓoyewar ta kusa kashe mutum. Sannan ya shiga kiran sunaye, wane da wane da wane, har tara. Ya ce kowa ya kawo motarsa a sake aunawa, ko ya kai ta wurin masu inji a bakin kasuwa, duk wanda ya ga dama, amma don Allah kada wanda ya sake ɗaukar hanya bai duba ba. Wani direba mai suna Illi, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce ashe wata uku suna yawo da ran mutane a kan ƙiyasin tsoho. Kalilu ya ce haka ne. Illi ya jira a yi masa gardama, ba a yi ba, sai ya tsartar da yawu ya juya baya.

Ya isa gida kafin magariba. Hansai na tsakar gida tana tankaɗe. Ya zauna a kan turmi ya ce, na faɗa musu. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce to gobe sai likita ke nan, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ya ce jibi. Ya kuma ce ta kira Abdulrazak ta tambaye shi ko ɗakin nan na nan, ko an zuba masa buhunan albasa. Ta ce ba za ta kira kowa ba sai ta ga abin da gobe ta kawo. Ya ci tuwo kaɗan. Abin mamaki, ransa a sake yake, kamar wanda ya sauke tulu daga ka, amma baƙin cikin na nan a ƙasa bai je ko'ina ba.

Da safe ya yi ta jan jiki. Ya sha koko, ya sake neman wani, ya ɗaure takalmi ya kwance. Mutumin da shekara da shekaru ke buɗe rumfa kafin rana ta fito, ranar sai da hantsi ya ɗaga ya fita, kuma ya bi doguwar hanya ta bayan masallaci. A ransa ya gama shirya yadda zai rabar da kayan aiki: kirik ɗaya ga Halidu, ɗaya a sayar.

Da ya karyo kwanar masu tayoyi sai ya hango farare-farare a gaban rumfa, bai iya rarrabe su ba sai da ya matso. Motoci uku ne. Shida ba su zo ba, kuma mafi yawansu ba su sake zuwa ba har yau. Illi ma in sun haɗu a hanya gaisuwar baki kawai suke yi. Amma uku na nan a jere, masu su na zaune a benci, sun ma aika an kawo shayi. Suka gaishe shi kamar kullum, Shef an tashi lafiya, babu wanda ya tayar da maganar jiya. Ɗaya ya ce tun bakwai suke jira, rana na yi.

Kalilu ya tsaya riƙe da makullin akwatin kaya. Ya sunkuya ya daɗe yana neman ramin kwaɗon da yatsa, su kuma suka kau da kai suka bar shi ya samu da kansa. Ya buɗe, ya fito da mitar, ya goge ta a jikin riga. Sannan ya juyo wajen bencin, ya miƙa ta a iska tsakanin su ukun.

"To, bismilla. Wa ya fi ido cikinku?"